Baƙin da ke sauka a fadamunmu: kallon tsuntsayen ruwa da ɗaukar hotonsu

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau zancen tsuntsayen ruwa za mu yi: yadda ake kallonsu, yadda ake ɗaukar hotonsu, da abin da yawansu ko ƙarancinsu ke gaya mana a kan kogunanmu.

Na san wani zai ce, haba malam, duk abubuwan da suka dami jama'a, ka rasa abin kawowa sai kallon tsuntsu? To, a yi mini haƙuri a ji wannan labari tukuna.

A shekarar 1822, a kusa da wani gari da ke arewacin Jamus, aka harbo wani babban farin tsuntsu ɗan dangin shamuwa. Da aka ɗauko shi sai aka ga mashi soke a wuyansa, tsawonsa ya kai wajen santimita 80. Aka duba itacen mashin, ashe na Afirka ne. Wato wani maharbi a wannan nahiya tamu ya jefe shi, bai mutu ba, ya tashi da mashin a wuya ya ƙetare hamada da teku ya koma inda yake sheƙa. A wancan zamani masanan Turai gardama suke yi a kan inda tsuntsayensu ke ɓacewa da hunturu, har akwai masu cewa tsattsewa nutsewa take yi cikin taɓon tafki ta yi barci sai sanyi ya wuce. Wannan mashi ya taimaka wajen kashe gardamar. Har yau tsuntsun yana ajiye a Jami'ar Rostok, da mashin nasa.

Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sanya wa tsuntsaye ƙaramin zobe mai lamba a ƙafa, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun a wata ƙasa ya aiko da labari. Da irin wannan zobe aka gano hanyoyin da suke bi. Kuma da yawa daga hanyoyin nan, ƙarshensu a ƙofar gidanmu yake.

Dalilin zuwansu ba ɓoyayye ba ne. Idan sanyi ya kama Turai da arewacin Rasha, tafkuna su daskare, ƙwari su ɓace, abinci ya yanke. Daidai lokacin kuma mu damina ta ƙare, koguna sun yi ambaliya sun bar ruwa kwance a fadamu, ga ƙananan kifi, ga tsutsa, ga irin ciyawa, ga shinkafar da ta zube bayan girbi. Saboda haka daga wajen watan Oktoba baƙi ke fara sauka, su zauna da mu har Maris ko Afrilu. Wanda ya tsallake Sahara, ruwan farko da zai tarar shi ne na kogin Sanagal, da fadamun kogin Neja a Mali, da tafkin Chadi, da fadamar Haɗeja da Nguru.

Mu ɗan zauna a wannan ta ƙarshen, tunda tamu ce. A nan ne kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin rairayi kafin su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ke gangarawa tafkin Chadi. Fadamar ta ratsa jihohin Jigawa da Yobe da Bauchi, kuma an rubuta fiye da nau'i 300 na tsuntsaye a cikinta, alhali duk Najeriya abin da aka sani ya ɗan haura 900. Tafkin Nguru da mashigin Marma su ne wurin farko da Najeriya ta sanya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla a Iran a 1971 domin kare dausayi. Akwai kuma Dagona a jihar Yobe, da Baturiya a Jigawa. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma suna da tafkin Madarunfa kusa da Maraɗi, da na Tabalak, da gaɓar kogi a wajen Gaya.

Me mutum zai gani idan ya shiga kwalekwale da sassafe? Da farko kunne ne zai fara aiki kafin ido, domin kirinjijiya ba ta iya tashi shiru, fito take yi garke guda. Ga ɗinya da girmanta, ga zalɓe tsaye a ruwa ba motsi yana dakon kifi, ga jinjimi yana caccakar taɓo, ga zakaran ƙeƙuwa da ba ya ganin mutum bai tona masa asiri da ihu ba. Waɗannan 'yan gida ne. Cikinsu kuma za ka hangi wata ƙaramar agwagwa, namijinta da farin zane a saman ido. Wannan baƙuwa ce, daga Turai da Rasha take, kuma ba ta yin ƙwai a nan ko sau ɗaya. Shamuwa ita tata tafiyar daban ce: da damina take zo mana ta yi sheƙa a bishiyar tsakar gari, rani na kamawa ta nufi kudancin Afirka.

Amma dai daɗin abin ba a jera sunaye yake ba, a halayen yake. Akwai wani baƙin ɗan dangin zalɓe da ke buɗe fikafikansa ya zagaye kansa da su ya yi rumfa a kan ruwa, ƙananan kifi su shigo inuwa, shi kuwa ya tsince su. Akwai mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa. Shi wannan, macen ce ke zuba ƙwai ta tafi abinta wajen wani namijin, uban ne ke kwanci, kuma idan ya ga hatsari sai ya kwashe 'ya'yan a ƙarƙashin fikafikansa ya gudu, ba ka ganin komai nasu sai ƙafafu suna reto. Akwai mai kamun kifin nan mai zanen baƙi da fari, wanda ke tsayawa cak a iska yana kaɗa fiffike kafin ya faɗo ruwa da baki.

A tudun yashin manyan koguna irin su Neja da Binuwai da Gambiya kuwa, akwai wani ɗan tsuntsu mai toka-tokan fikafikai da baƙin layi a ƙirji. Tun zamanin wani marubucin Girka da ake kira Herodotus ake ba da labarin tsuntsun da ke shiga bakin kada ya yi masa sakace, kuma shi aka ɗora wa labarin, sai dai har yau babu ingantacciyar shaidar da ta tabbatar. Abin da aka tabbatar ya fi wannan ban mamaki. Binne ƙwansa yake yi a yashi, idan rana ta take sai ya je ya jiƙa gashin cikinsa a kogi, ya dawo ya zauna a wurin ya sanyaya shi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa idan mun zo zancen hoto.

(Kiɗa)

Jama'a, idan yanzu kuka kama mu, zancen tsuntsayen koguna da na bakin teku muke yi.

Bakin teku shi tsarinsa daban. A kogi damina da rani ne ke juya al'amura, a teku kuwa sau biyu a yini ruwa ke cikowa ya janye. Idan ya janye ya bar fili na taɓo, tsuntsaye masu dogon baki su bazu can nesa suna kiwo, ba za ka ga komai ba sai ɗigo-ɗigo. Idan ya fara cikowa sai ya riƙa koro su zuwa gaɓa. Don haka masu wannan harka kan je su zauna kamar awa biyu kafin ruwa ya gama cika, su bar teku ta kawo musu tsuntsayen. Mu da muke lissafi da wata mun samu sauƙi a nan: cikar teku ta fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa.

A gaɓar Muritaniya akwai wurin da ake kira Bank Dargen, inda aka taɓa ƙirga tsuntsayen taɓo fiye da miliyan biyu suna cin rani. A Sanagal akwai Juj, kusa da inda kogi ke shiga teku, fili mai faɗin hekta 16,000 wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren gadon duniya a 1981, kuma kwasakwasa dubbai ke ƙyanƙyasa a can. Mazauna Legas suna da gandun Lekki da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya ta kafa a 1990. Mutanenmu na zangon Ashaiman da Tema a Gana kuwa, tafkin Sakumo na nan kusa da su, ɗaya daga tafkunan gaɓa biyar da Gana ta sanya cikin Ramsar a 1992.

A Ganar nan aka yi wani abu da ya kamata malaman makaranta su ji. Akwai wani farin tsuntsun teku mai wutsiya a rabe da ke ƙyanƙyasa a tsibiran Ayalan da Birtaniya, ya zo gaɓar Gana cin rani. Aka ga yana ta raguwa. Da aka bi sawun zoben ƙafarsa, sai aka tarar ɗaya daga dalilan shi ne yara na ɗana masa tarko a bakin teku da ɗan kifi, yawanci don wasa. A tsakiyar shekarun 1980 aka fara aikin ceto tsuntsayen gaɓa, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, aka shiga makarantu aka kafa ƙungiyoyin yara. Yaron da ya iya laɓewa ya kama tsuntsu, shi ya fi kowa iya laɓewa ya ƙirga shi. Gwafar da ke hannun yaranmu ma haka take, idon da ke bayanta ne abin nema.

To, wanda yake so ya fara, me zai tanada? Littafin rubutu da biro, sai tufafi marasa ƙyalli, masu launin ƙasa. Farar riga tas ta zuwa masallacin Juma'a ce, a fadama tun daga nesa za ta kore maka komai. Madubin hangen nesa yana taimako ƙwarai, kuma wanda aka rubuta 8 da 42 a jikinsa ya wadatar, wato yana kusanto da abu sau takwas. In babu, a fara da ido. A fita bayan sallar asuba, ko kuma bayan la'asar. A samu wuri a zauna, rana tana bayanka, a yi shiru. Tsuntsu ya fi tsoron mai tafiya a kan mai zama, kuma bayan ɗan lokaci zai manta da kai ya koma harkarsa. Ka lura da tsawon baki, da launin ƙafa, da yadda yake cin abinci, ka rubuta nan take tare da kwanan wata da sunan wurin. Kada ka ce sai ka koma gida, domin kafin ka isa tsuntsu biyu sun zama ɗaya a kanka.

Kuma kada ka shiga ruwan mutane ba sallama. Ka fara gaida mai unguwa ko bulama, ka nemi sarkin ruwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. A halin tsaron da ake ciki, baƙo mai madubi da kyamara a bakin kogi abin tuhuma ne, kuma masu tuhumar ba su yi laifi ba. A Masar ma, a 2013, an taɓa tsare wani tsuntsu ɗan dangin shamuwa a ofishin 'yan sanda saboda an ga na'ura a bayansa an zaci leƙen asiri yake yi, ashe masu bincike ne suka ɗaura masa don bin hanyarsa. In tsuntsu bai tsira ba, ina ga kai? Ka nisanci ɗaukar hoton gada da madatsar ruwa da shingen jami'an tsaro. Ka ɗauki masunci ya tuƙa ka, ka biya shi haƙƙinsa da kyau, domin shi ya san inda dorina take, da inda kada ke shan hantsi, da bishiyar da tsuntsaye ke kwana. Ka sa rigar kariya daga nutsewa. Ka guji tsoma ƙafa a ruwan da ke kwance, saboda tsargiya.

Sai hoto. Masu babbar kyamara sun san ana son gilashi mai jawo nesa, daga milimita 300 zuwa sama, kuma tsuntsun da ke tashi sai an ɗauke shi da saurin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ko fiye, in ba haka ba fiffiken ya fito a dame. A saita a kan ido. Idan idon ya fito tar, an yafe wa sauran jiki. A durƙusa ko a kwanta a daidaita da tsayin tsuntsun, domin hoton da aka ɗauka daga tsaye yakan fito da taɓo fiye da mai taɓon. Farin tsuntsu irin balbela da kwasakwasa, a rage masa haske kaɗan, in ba haka ba gashin ya wanke ya zama farin fili. Hazo yana cinye launi daga nesa, ƙurarsa kuma tana shiga kyamara, don haka kada a canza gilashi a fili iska na kaɗawa. A bakin teku gishiri ne abokin gaba, a goge kaya da an dawo.

Mai waya kuma kada ya raina kansa. Ka ɗora idon kyamarar wayar a bakin madubin hangen nesa, ka jingina da bishiya ko gefen kwalekwale, za ka samu hoton da za a gane tsuntsu da shi. Ba zai ci gasa ba, amma shaida ce, gani kuwa ya kori ji. Wayar tana kuma ɗaukar kuka, kuma sau da yawa kukan ya fi hoton saurin bayyana mai shi.

Yanzu ga inda nake so in ja kunne, musamman matasanmu masu neman hoton da za a yaba a Facebook. Ku tuna tsuntsun nan mai binne ƙwai a yashi. Idan ka sauka a tudunsa da tsakar rana kana neman kusanci, uwar ta tashi, ba ta samu damar jiƙa ƙwan ba, yashi ya dafa shi, wataƙila ma ka taka shi ba ka sani ba. Ka koma gida da hoto mai kyau, ka bar sheƙa a mace. Haka masu jifa ko tafi domin garke ya tashi a ɗauke shi a sama. Tsuntsun da zai ƙetare Sahara a watan Maris kitse yake tarawa, kuma duk tashin banza daga guzurinsa ake cira. A ganina duk hoton da sai an firgita tsuntsu aka same shi, ba gwaninta ba ce, ɓarna ce. Alamar mai sauƙi ce: idan ya daina ci ya miƙe wuya yana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya. Idan ka ga sheƙar gauraka kuwa, kada ka bayyana wurin a intanet. Masu kama shi su sayar wa masu ajiye shi a gida don ado sun taimaka wajen ƙarar da shi, har ya zama ganinsa a dajin Najeriya sai an yi sa'a.

Idan kuma kuka tarar da tsuntsaye sun mutu da yawa wuri guda, kada a taɓa, kada a kai gida a ce an samu nama. A farkon 2021 murar tsuntsaye ta kashe kwasakwasa wajen 750 a Juj, kuma mu ma mun san ɓarnar da cutar ta yi wa kajinmu tun daga 2006. A sanar da malaman dabbobi.

Saura amsar mai tambayar farko, wanda ya ce me ya haɗa mu da kallon tsuntsu. A 1969 masu ƙirga a Birtaniya suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro bai dawo ba, fiye da rabinsa ya ɓace a shekara guda. Da aka bincika, ashe ruwan sama ne ya gaza a nan yankinmu na Sahel, farkon farin da ya kai mu ga yunwar shekarun 1970. Abin da ya kashe tsuntsun shi ya zo ya kashe shanu.

A fadamar Haɗeja ma haka lissafin yake. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa ta canza. Wani wurin ambaliya ta ragu, wani wurin kuma ruwa ya daina janyewa, kachala ta samu gindin zama. Ta toshe hanyar kwalekwale, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana jefa taru, sannan ta zama makwancin jan baki da ke cinye wa manoma hatsi. A kogin Sanagal ma ita ce ta mamaye bayan an gama madatsar Diyama a 1986. Agwagwa fili take so, in kachala ta rufe ruwa sai ta ƙaura. Ashe kukan masunci da na mai ƙirga tsuntsu ɗaya ne. Bambancin kawai, shi mai ƙirga yana da takarda, shekara bi shekara, wadda za a iya ajiye wa hukuma a kan tebur lokacin da ake shawarar yadda za a saki ruwa.

Dattawan bakin kogi sun san abin da ya ɓace da lokacin da ya ɓace, amma a ka yake, ba a rubuce ba. Hanyar rubutawa kuma ta samu. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a tsakiyar watan Janairu, kuma akasarin masu yin ta 'yan sa-kai ne. A Najeriya cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen ƙasa tun 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye tara a kwance, mutum ya zagaya nasa aƙalla awa biyu yana shigar da abin da ya gani a manhajar BirdLasser. Ba a tambayar takardar digiri.

Don haka ina kira ga malaman firamare da na sakandare da ke garuruwan bakin ruwa: ku ware safiya guda a wata ku fita da ɗalibai, ku gayyaci dattijo ɗaya daga masunta ya raka ku, ku buɗe littafi guda na makaranta da za a riƙa rubuta abin da aka gani da ranar da aka gan shi. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ya ɗauki hoton lambar da adireshin da ke jiki, ya rubuta rana da wuri, ya kai wa jami'an gandun daji mafi kusa.

A nan za mu dakata. Sai Allah ya sake sada mu a shiri na gaba, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)